Rumbu Mai Taga Tara

Zariya, 24 ga Satumba

Zuwa ga Kakana, Malam Muntaka magini,
Ɗorawar Malam, ta Minjibir.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Fadima da duk mutanen gida. Yaya ƙarshen damina? Yaya gwiwar nan da Ummata ta ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san yanzu kana juya takardar nan kana neman mai ita. Ni ce Aina'u, jikar marigayiya Hure, 'yar wan babanka da ta yi aure a Bacirawa. Rabonmu da haɗuwa tun ranar sadakar bakwai ɗinta, da ka ce ni ce matarka ta birni, ni kuma na ce ba na auren mai furfura. Na kira wayarka sau huɗu, duk abin da na faɗa sai ka ce, "Na'am? Wa?" Shi ya sa na koma takarda. Yahya direba, mai kawo gyaɗa Zariya duk mako, ya yarda ya riƙa kai mana da kawowa.

Kaka, alfarma nake nema. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ɓangaren sassaƙa. Kada gabanka ya faɗi, ba gumaka nake yi ba. Irin aikina ba shi da ido, ba shi da hanci, ba ya kama da wani mai rai. Siffa ce kawai da mutum zai tsaya ya kalla ya yi tunani. Kowane ɗalibi sai ya yi babban aiki guda, malamai su zo su duba. Da shi ake ba mutum digiri, ko a ce ya maimaita shekara.

Ni rumbu nake so. Dogo, wanda ya fi na kowa tsawo, ba jinka, da tagogi tara a jikinsa kamar benen birni, yadda duk inda mutum ya tsaya zai hango cikinsa. Cikin nan kuma ba za a sa komai ba. Wannan babun ita ce ainihin aikin, sunansa ma "Birni". An yarda ɗalibi ya zana, ya yi aiki tare da gwanin sana'a, kuma Kaka Hure ta sha faɗa mana cewa a ginin rumbu ba wanda ya kai ka a ƙasar Minjibir.

Ga zanen nan na haɗo. Malamai uku za su zo har garinku ranar 16 ga Disamba, tunda rumbu ba ya shiga mota. Ni ma karatu ba zai sake ni ba sai lokacin. Don Allah kada ka ce a'a.

Jikarka,
Aina'u

*

Ɗorawar Malam, 30 ga Satumba

Wa alaikumus salam, matata ta birni.

Muna lafiya, Fadima tana amsawa. Gwiwa kuwa tana nan, ni ma ina nan, mun saba da juna. Takardarki da kaina na karanta, wannan ma da hannuna na rubuta. Kada ki zaci a kanku aka fara boko. Ni ɗan ajin yaƙi da jahilci ne, har kyautar fitila aka ba ni.

Na duba zanenki, na juya shi sama, na juya shi ƙasa, na miƙa wa Fadima. Ta kalla ta ce, "Malam, wannan ai kwando ne." Ke 'yar nan, rumbu mai taga tara! Shekara arba'in ina toshe ramin da ɓera zai bi, yau ga jikata ta ce in buɗe masa ƙofa tara, har da ta baƙinsa.

Amma zan yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya ce in gina masa rumbu. Kowa ya koma buhu da ɗakin siminti da maganin ƙwari. Da na zo wurin da kika ce Hure ta yabe ni, sai na ga hannuna yana motsi shi kaɗai a kan cinyata, kamar yana shafa laka. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Sai dai ki sani rumbu ba a yi masa gaggawa. Sai ruwa ya ɗauke tukuna. A haƙo jar ƙasa a kududdufin bayan gari, a cuɗa ta da ciyawa, a bar ta kwana uku ta tsimu. A jera duwatsu a ɗora gindin a kansu, saboda gara da danshi. Daga nan zagaye ɗaya a rana, sai ya sha iska a ɗora wani. Wanda ya ɗora biyu don sauri, da safe zai tarar da tsibin laka. Maƙwabcina Hashimu zai taka mini ƙasar ya riƙa miƙo mini, ni nawa ɗorawa da shafe. A ƙofar gida zan kafa shi, bakin hanya, don ciki ba fili.

Kada ki damu cewa za ki raba ni da gona. Bana ina da lokaci, girbina ba zai ɗauke ni kwana biyu ba.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. In babu ce aikin, me ya sa sai an sha wahalar gini? Babu ai tana ko'ina, kyauta. Ki warware mini, 'yar jami'a.

Mijinki mai furfura,
Muntaka

*

Zariya, 1 ga Oktoba

Kakana,

Salamu alaikum. Ina gaida kai da Inna Fadima, ka ce mata maganar kwandon nan ta sa na yi dariya har abokiyar ɗakina ta zaci wani abu ya same ni. Na gode, na gode, Allah ya bar mana kai. Kuma na yi murna da ka ce girbi ba zai ɗauke ka kwana biyu ba. Ashe har yanzu da ƙarfinka, tsoho!

Tambayarka ta fi ta malamaina wuya, amma bari in gwada. Babu ba ta ganuwa sai an kewaye ta. Ka tuna kududdufin da za ka haƙo ƙasar? Ba wanda ya yi niyyar haƙa shi. Gidaje aka yi ta ginawa, shi kuma yana ta zurfi. Duk katangar da ta tashi a gari, akwai ramin da ta bari a wani wuri. Ni haka nake ganin birni.

Ka san gonar Kaka Hure ta Bacirawa, inda muke gasa gyaɗa muna yara? Yanzu layin shaguna ne, rabinsu a kulle. Bayansu manyan gidaje masu dogayen katangu, wasu tunda aka gama su ba a taɓa hura wuta a ciki ba. Unguwa ta cika maƙil, ba inda za ka sa ƙafa, amma in na tsaya a wurin sai in ji kamar an kwashe mini kayan ciki. Wannan abin nake so mai kallo ya ji: gini mai tsawo da kwarjini, ka leƙa ta taga, ka ga wayam.

Don haka ina roƙonka, ko tsinke kada a sa a ciki. Ina da dalili. A hutun da ya wuce na gina ƙaraminsa don gwaji, iya ƙuguna, na ajiye a ƙofar gidanmu na Bacirawa. Mako ɗaya na dawo na tarar an cika shi da ledar ruwa da ɓawon rake, wata kaza kuma ta yi ƙwai uku a sama. Na ɗauki hoto don takaici. Ka sa mini ido a kan naka.

Taka,
Aina'u

*

Zariya, 19 ga Nuwamba

Kaka,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Takardarka ta ƙarshe ita ce ta ƙarshen Oktoba, wadda ka ce an kai taga ta huɗu, kuma mutanen da ke wucewa kasuwa suna tsayawa kallo. Tun daga nan shiru. Sau uku Yahya yana zuwa hannu rabbana. In na tambaye shi sai ya ce kana lafiya, ya kau da kai yana murmushi. Murmushin nan ne ya hana ni sukuni.

Rushewa ya yi? In ya rushe ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Saura kwana ashirin da bakwai malamai su zo, har an sa hannu a takardar motar da za ta kawo su. Ko layi biyu ne ka rubuto.

Aina'u

*

Ɗorawar Malam, 25 ga Nuwamba

Aina'u,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Bai rushe ba, Allah ya kiyaye, ginina ba ya rushewa. Na gama shi ranar goma ga wata. Zagaye ashirin da shida, taga tara cif, kuma wallahi ya yi kyau. Da yamma in rana ta ratso ta tagogin sai ki ga haske tara kwance a ƙasa. Fadima da ta kira shi kwando ita ce ta fi kowa fitowa kallo.

Shirun da na yi, rasa ta inda zan fara na yi. To, bari in faɗa.

Ke 'yar birni ce, ba ki san wannan ba, ni kuwa da na sani daɗin aiki ya mantar da ni. A nan ba a ganin cikin rumbun mutum. Ko matarsa ba ta leƙawa, shi yake hawa ya ɗebo ya miƙo mata. Cikin rumbu asirin magidanci ne. To ga ni, tsakiyar girbin dawa, kowa yana shigo da amalanke, na kafa rumbu mafi tsawo a garin a bakin hanya, na buɗe masa taga tara, kowa yana ganin ba ko ƙwaya.

Na lura gaisuwar mutane ta canja. Liman ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Sai na tara su bayan sallar la'asar na yi musu bayani. Na ce aikin makarantar jikata ne, babun da ke ciki ita ce abin kallon, har maganar kududdufi na kawo musu. Suka yi ta gyaɗa kai. Hashimu ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya rufa asiri." Kowa ya ce amin. Na koma gida ina cewa sun fahimta.

Ranar Juma'ar da ta biyo na tafi asibiti a Minjibir don gwiwa, Fadima ta raka ni. Muna dawowa na hango jinka a kan rumbunki. Na matso, na ga an rufe tagogin da zana, an ɗaure tsaf. Na ɗaga guda. Aina'u, dawa ce da gero, dami a kan dami, har wuya.

Na bi gida gida ina tambaya. Kowa ya ce shi yana gona, bai ga komai ba. Hashimu har rantsuwa ya so yi, ga ƙaiƙayi a hularsa. Daga ɗaurin damin na gane hannun mutum goma sha huɗu, amma ba zan iya cewa na gane ba.

Ga halin da ake ciki. Babunki ta tafi. Ki yafe wa tsoho.

Muntaka

*

Zariya, 26 ga Nuwamba

Kaka,

Salamu alaikum. Na karanta sau uku. Haba Kaka! Abu ɗaya na roƙe ka, ko tsinke. Shekara huɗu ina karatun nan, Ummata har ta fara ɗinkin ranar yaye mu. Me zan nuna wa malamai? Rumbu mai jinka cike da dawa? Za su ce wannan ai aikin gona ne, in tafi can sashen noma.

Na san da kyakkyawar niyya suka yi, Allah ya saka musu. Amma kuskure ne, kuma gyaransa ba wuya. Ka sa a kwashe a mayar rumbunka na cikin gida, a cire jinka da zanar. In naka ya cika, a zuba a buhu. Kai da ka gama girbinka cikin kwana biyu, wannan aikin yini ɗaya ne. Don Allah kafin mako mai zuwa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Aina'u

*

Ɗorawar Malam, 2 ga Disamba

Jikata,

Wa alaikumus salam. Ɓacin ranki yana kan hanya, amana kika ba ni. Zan kwashe. Amma ba yadda kika ce ba, kuma ya kamata ki san dalili.

Karo na farko da na buɗe rumbun nan wayam, ban san abin da nake faɗa wa mutane ba. Yanzu na sani. In na kwashe hatsinsu na ɓoye a cikin gida, na sake buɗe shi a bakin hanya ba komai, na zama maroƙi mai gini. Za su sake cikawa, kuma a wannan karon da raini. Hanya ɗaya ce mai mutunci: in kai damin ƙofar masallaci, in ce kowa ya ɗauki nasa, na gode, ba ni da buƙata. Za su ji ciwo, amma za su yarda cewa aikin makaranta ne.

Sai dai ƙarya zan yi a ƙofar masallaci. Kin ce in rumbuna ya cika a zuba a buhu. Aina'u, rumbuna na cikin gida dami shida ne a ciki. Bana gwiwa ta kwantar da ni tun noman farko, ciyawa ta cinye gonar. Ban gaya wa 'ya'yana mata ba, suna gidajen mazajensu da nasu nauyin. Fadima ma ba ta san adadin ba. Da na rubuta miki cewa girbina ba zai ɗauke ni kwana biyu ba, kika yaba ƙarfina, na yi dariya na bar ki a haka, don taki fassarar ta fi daɗi.

Wata biyar ina ɓoye abin nan da babbar riga da fara'a. Rumbunki ya tona ni cikin kwana huɗu. Mutanen nan ba su fahimci aikinki ba, amma ba su yi kuskure ba.

Ba don ki ji tausayi na faɗa ba. Allah ba zai hana mu tuwo ba. Ranar Asabar bayan la'asar zan ari amalanke in kai musu. Malamanki za su tarar da shi yadda kika zana.

Kakanki,
Muntaka

*

Zariya, 3 ga Disamba

Kaka, kada ka taɓa! Ko zangarniya ɗaya kada ka cire.

Ka yafe rashin sallama, a tasha nake rubutawa a kan bayan motar Yahya. Salamu alaikum. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ka faɗa mini tun a takardar farko, ni kuma ina ta surutun babu, ban ji ta ba da ta yi mini magana da bakinka. Ka yafe mini wasiƙar da ta wuce, ka sa ta a murhu.

Ban san me zan gaya wa malamai ba. In sun ce in maimaita shekara, zan maimaita, ɗinkin Umma ba zai ruɓe ba. Amma ba za ka tsaya a ƙofar masallaci ka mayar da abincinka saboda digirina ba.

Abin da ke tayar mini da hankali, Yahya ya ce sai ya wuce Kaduna, ba zai iso gida ba sai Asabar ɗin. Na kira ka sau tara, ka ɗauka sau ɗaya ka ce, "Na'am? Wa?" Ba ni da lambar kowa a garinku. Na roƙi Yahya da girman Allah ya taka mota. Ya Allah ka sa ta riske ka.

Aina'u

*

Ɗorawar Malam, 20 ga Janairu

Matata ta birni,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa ta ɗan saki. Yahya ya kawo albishir tun kafin ya kashe mota, yana ta hon kamar an ɗauko amarya. Kin ci! Alhamdu lillahi. Fadima ta yi guɗa har awaki suka watse. Kin ce malamar nan mai tabarau ta rage miki maki don aikin ya saɓa da abin da kika rubuta tun farko. Ki bar ta, gaskiyarta ce, ni ma da ni ne sai na rage.

Akwai abin da ban gaya miki ba da kika zo, don kada ki yi kuka a gaban baƙi. Takardarki ta tasha ta same ni a kan tsani. Na riga na sauke dami uku a amalanke. Yahya ya shigo da gudu, ko birki bai gama takawa ba ya miƙo ta ta tagar mota. Na karanta a tsaye a can sama, na daɗe ban sauko ba. Hashimu yana ƙofar gidansa yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Da ya ga ina mayar da damin, sai ya zo ya riƙe mini tsani.

Har yau ana labarin zuwanku. An fi dariyar dogon malaminku, Dakta Abdulmumini, da ya bi mutane da littafi yana tambayar wa ya zuba, kowa yana ce masa yana gona. Liman ya ce masa wataƙila tsuntsaye ne. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne lokacin da kika ɗage zanar tagogin ɗaya bayan ɗaya, kika jingina hoton ƙaramin rumbunki na Bacirawa mai leda da ƙwan kaza a gindinsa, kika ce ke rami kawai kika kewaye, kowane wuri ya zuba abin da yake da shi. Kin yi kama da Hure sak.

Da kika shiga gaida Fadima, Daktan ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ni na fahimci aikin. Na ce da sauƙi dai. Ya ce shi ma haka. Mutumin kirki ne, ya ci tuwo malmala biyu.

Albarkacinki, mutum biyu sun ce in gina musu rumbu kafin damina. Na tambaye su taga nawa. Suka ce Allah ya kiyaye.

Yanzu daga naki muke ci. Ina ɗebowa ta sama, har tagogi biyu na can ƙoli sun buɗe, haske ya fara ratsowa da yamma. Na yi lissafi, zuwa tsakiyar damina babunki za ta dawo gaba ɗaya, yadda kika zana ta. Na faɗa wa Hashimu haka, na ce sai ki kawo malamar mai tabarau ta mayar miki da makinki.

Ya ce in gaya miki kada ki wahalar da baiwar Allah. Wai muddin ina raye a garin nan, ba za ta taɓa ganin gindin rumbun nan ba.

Mijinki mai furfura,
Muntaka